Gwamnatin Diori Hamani: Ta Faransa Ce Ko Ta Nijar?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Maraɗi. Kakana yana cewa zamanin Diori Hamani shi ne zamanin kwanciyar hankali da mutuncin ƙasa. Abokaina kuwa sun ce Diori ɗan amshin shatan Faransa ne kawai, shi ya sa da sojoji suka kifar da shi a 1974 ba wanda ya fito ya kare shi. Ina gaskiyar take? Me gwamnatin farko ta Jamhuriyar Nijar ta yi a zahiri?

Amsa: Ɗana, hannun Faransa ne ya ɗora Diori a kan mulki, wannan ba abin musu ba ne, kuma zan nuna maka yadda aka yi. Sai dai a shekarunsa na ƙarshe Diori yana cikin sa-in-sa da Paris, har ta kai wasu manyan Faransa sun gaji da shi. Abin da ya ci gwamnatinsa a ganina yana cikin gida. Kuɗin da take gudanar da ƙasa da shi daga aljihun manomi da makiyayi yake fitowa, kuma tun kafin a ɗaga tutar 'yanci ta toshe duk wata kafa da manomin nan zai iya ce mata ya isa haka. Da gyaɗa ta faɗi, fari ya zo, babu mai gaya mata gaskiya, babu kuma wanda yake jin yana da abin karewa a cikinta.

Labarin daga 1957 yake farawa. A watan Maris na shekarar aka yi zaɓen majalisar yanki, a ƙarƙashin dokar da Faransa ta kawo a 1956 wadda ta ba kowane baligi ƙuri'a, ta kuma ba kowane yankin mulkin mallaka 'yar ƙaramar gwamnati ta cikin gida. Jam'iyyar Diori, PPN-RDA mai alamar giwa, wato PPN reshen Nijar na babbar ƙungiyar siyasa ta RDA da ta haɗa ƙasashen Afirka renon Faransa, ta sha kaye, kujeru 19 ta samu cikin 60. Sauran 41 Sawaba ce ta kwashe, jam'iyyar Djibo Bakary mai alamar raƙumi. Diori da Djibo 'yan gari ɗaya ne, Sudure kusa da Yamai, kuma dangin juna ne. Dukansu sun yi makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, dukansu a PPN suka fara siyasa. Sun raba gari ne wajen 1950, lokacin da Houphouët-Boigny na Kwaddebuwa ya janye RDA daga ƙawance da 'yan kwaminisancin Faransa ya sasanta da hukuma. Diori ya bi shi, Djibo ya ƙi. Djibo ya koma cikin ƙungiyoyin ƙwadago, ya tara direbobi da 'yan kamasho da teloli da leburori da ƙananan 'yan kasuwa, irin mutanen da suka baro ƙauye suka shigo bariki. Ƙarfin Sawaba ya fi yawa a ƙasar Hausa, Damagaram da Tasawa da kewayen Maraɗi, kuma tana da zumunci da NEPU ta Malam Aminu Kano a tsallaken iyaka. Don ta ci zaɓen 1957 sai da ta haɗa kai da wata jam'iyya ta sarakuna da 'ya'yan sarauta, kuma ta wannan haɗin aka karya ta daga baya.

A 1958 Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa ya kira ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba. Wanda ya ce i zai zauna cikin tarayya da Faransa da 'yancin cikin gida, wanda ya ce a'a zai sami cikakken 'yanci nan take, a kuma yanke masa taimako. A Afirka ta Yamma shugabannin gwamnati biyu ne kawai suka kira mutanensu su ce a'a, Sékou Touré a Gini da Djibo Bakary a Nijar. Faransa ta haƙura da Gini, amma ba ta yarda ta saki Nijar ba. Ka duba taswira za ka ga dalili. Nijar tana da doguwar iyaka da Aljeriya, inda Faransa ke tsakiyar yaƙi tun 1954. A 1957 an ga alamun yuraniyom a Azelik, yammacin Agadas. Ga Najeriya a kudu tana dab da samun 'yanci, Faransawa kuma tun shigowarsu suke tsoron ƙasar Hausa ta karkata can. Sai aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, makonni kaɗan kafin ƙuri'a. Ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, aka ƙaro sojoji, aka takura wa tarukan Sawaba. Sarakunan dama suna jin haushin Djibo saboda ya tuɓe wasu daga cikinsu. Issoufou Saïdou Djermakoye da sauran 'ya'yan sarauta suka fice daga ƙawancen suka koma ɓangaren i. Da aka ƙirga, i ta sami kashi 78 cikin ɗari, amma mutum ɗaya da ɗan wani abu cikin uku na masu rajista ne kawai suka fita jefa ƙuri'a. Djibo ya sauka a Oktoba, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Disamba. 'Yan kujerun da Sawaba ta ci a Damagaram da Tasawa aka soke su. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka shelanta jamhuriya, Diori ya zama shugaban gwamnati. A Oktoba 1959 aka haramta Sawaba baki ɗaya, Djibo ya yi gudun hijira.

Ka ga ke nan ranar 3 ga Agusta 1960, da aka ba da 'yanci, Nijar ta riga ta zama ƙasar jam'iyya ɗaya. Tsarin mulkin Nuwamba 1960 ya tattara iko a hannun shugaban ƙasa, majalisa ta zaɓi Diori, a 1965 da 1970 kuma ya tsaya shi kaɗai babu abokin takara, 'yan majalisa su ma jerin sunaye ɗaya ake kawo wa jama'a su amince. Jam'iyyar da ta sha kaye a zaɓen da aka yi cikin 'yanci ita ce ta riƙe ƙasa shekara 15, kuma ba ta taɓa mantawa da yadda ta hau ba. Tsoron Sawaba ne ya tsara mata kusan komai a shekarunta na farko.

A yi mata adalci wajen abin da ta gada. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, yawancinta hamada, da mutane kimanin miliyan 3. Babu teku, babu layin dogo ko taku ɗaya, kwalta kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba a cikin birane. Yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba, mafi ƙanƙanta a duk yankin Faransa na Afirka ta Yamma. Ofisoshi cike suke da Faransawa da 'yan Dahome (Benin ta yau) da 'yan Togo, don babu isassun 'yan ƙasa da suka yi karatu. Har darektan ofishin shugaban ƙasa, Nicolas Leca, Bafaranshe ne. Kasafin kuɗi ba ya cika sai Faransa ta yi ciko. Duk wanda ya karɓi ƙasa a wannan hali, ko Djibo ne, sai ya nemi wanda zai jingina da shi. Diori ya jingina da Faransa da Houphouët. Ya shiga ƙungiyar Entente a 1959 tare da Kwaddebuwa da Haute-Volta (Burkina Faso ta yau) da Dahome, ya zauna cikin kuɗin sefa lokacin da Gini da Mali suka fita, a Afrilu 1961 kuma ya sa hannu a yarjejeniyar tsaro da ta ba Faransa fifiko a kan ma'adinai masu muhimmancin soja, yuraniyom a cikinsu.

Mutum uku ne suka riƙe ragamar. Diori yana fadar shugaban ƙasa, kuma harkar waje ta fi ɗaukar hankalinsa. Boubou Hama shi ne shugaban majalisa kuma shugaban jam'iyya, malami ne marubuci da ya yi wa tarihin ƙasar hidima ƙwarai. Diamballa Yansambou Maïga yana ma'aikatar cikin gida tun daga farko har ranar juyin mulki, 'yan sanda da sarakuna da gidajen kaso suna hannunsa, shi ne wanda ake tsoro. Dukansu uku 'yan yamma ne, Zabarmawa da Songai. Wannan ba Diori ya ƙirƙiro shi ba. Tun 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai, makarantu da aikin gwamnati da aikin soja suka fi yawa a bakin kogi. Akwai Hausawa da Buzaye a cikin ministoci, irin su Adamou Mayaki da Amadou Issaka na gidan sarautar Kance da Mouddour Zakara mai kula da harkar makiyaya, amma yawancinsu ta ƙofar sarauta suka shigo, kuma ƙuryar jam'iyya inda ake yanke shawara ba ta canja fuska ba. PPN ba ta sake kiran babban taronta ba tun 1959. Diori kansa yana jin Hausa sosai, har ya koyar da ita a Paris yana saurayi, ba na kuma ganin ƙiyayyar ƙabila a zuciyarsa. Amma dukiyar ƙasa a gabas ake noma ta, a yamma ake kashe ta, kuma mutanen gabas sun san da haka.

Nan ne zuciyar maganar, don haka bari in daɗe a kai. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo wa Nijar kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da take samu daga waje, dabbobi ke biye mata. Gyaɗar nan daga ƙasarku take fitowa, Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamaye. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA ta ba shi ikon fitar da gyaɗa shi kaɗai, ta kafa Copro-Niger don shigo da kayan masarufi, ta kafa UNCC don bashi da ƙungiyoyin gama-kai na manoma. Kafin su an buɗe bankin raya ƙasa na BDRN a 1961. Niyyar tana da kyau, a karɓe cinikin daga hannun kamfanonin Turawa ribar ta zauna a gida. Ka tambayi kakanka yadda kasuwar gyaɗa take idan kaka ta yi. Manomi ya ɓare gyaɗarsa shi da iyalinsa, ya auna ta da tiya a gida, ya ɗora wa jaki ko raƙumi ya kai kasuwar da hukuma ta buɗe. A can sikeli ne, da kilo ake magana, malamin awo shi ke karantawa shi ke rubutawa, farashi kuma daga Yamai aka yanke shi. Yana karɓar kuɗin, mai gari na nan da takardar lanho, dogaran sarki na tsaye, don da gangan aka haɗa lokacin karɓar haraji da lokacin ciniki. Zai biya na kansa da na matansa da na 'ya'yansa da suka tasa, ya biya na dabbobi, ya biya bashin iri, ga katin jam'iyya. Abin da ya rage shi ne na tufafi da gishiri da auren ɗa. Wanda kuɗinsa bai kai ba sai ya sayar da gero daga rumbu ko akuyar matarsa, ko ya tafi cin rani Kano.

Muddin Faransa na sayen gyaɗar a farashi sama da na kasuwar duniya, abin yana tafiya. Amma yarjejeniyar Yawunde ta 1963 tsakanin ƙasashen Afirka da kasuwar tarayyar Turai ta tilasta a janye wannan tallafi sannu a hankali, kafin ƙarshen shekarun 1960 ya ƙare. Aka rage wa manomi farashi, harajin kuwa hawa ya riƙa yi, don albashin ma'aikata da motocin ofis ba sa jira. Manomi ya ƙara faɗin gonar gyaɗa don ya biya, aka daina barin gona ta huta, noma ya matsa arewa cikin makiyaya. Shekarun 1950 da farkon 1960 damina ta yi ta kyau, sai kowa ya ɗauka haka za a dawwama. An yi ƙoƙarin gyara, kuma ina yaba wa waɗanda suka yi shi. Ma'aikatan wayar da kan karkara da na UNCC sun fito da kasuwannin da manoma ke riƙewa da kansu daga 1966, su zaɓi mai awonsu da mai rubutunsu, a raba musu rarar kuɗi bayan ciniki. Inda aka bar abin ya yi aiki manoma sun so shi. Amma ya taɓa cin abincin masu lasisin saye da sarakuna da shugabannin jam'iyya na gari, su ne kuma ginshiƙan gwamnati, don haka ba a bar shi ya yi nisa ba. Waɗanda suka fi cin moriyar zamanin a gabas su ne Alhazan Maraɗi, da suka sami lasisin sayen gyaɗa da bashin banki, yaƙin basasar Najeriya kuma ya buɗe musu cinikin tsallaka iyaka.

Abin da kakanka yake tunawa shi ma gaskiya ne. Gwamnatin nan ce ta kafa ƙasa daga kusan babu. An kafa sojan ƙasa a 1961. A 1964 aka yi dokar da ta raba ƙasa jihohi bakwai, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram, tsarin da har yau a kansa ake tafiya da ɗan ƙari. An yi masana'antar siminti a Malbaza, an buɗe gadar Kennedy a kan kogin Kwara a 1970, Kanada ta biya kuɗin hanyar da ta nufi gabas zuwa Ngigmi. An fara koyarwa ta talabijin a 1964, an yi yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa, an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, cibiyar karatun gaba da sakandare ta 1971 ta zama jami'ar Yamai a 1973. Duk da haka, da aka yi juyin mulki yaran da ke makaranta ba su wuce kimanin ɗaya cikin goma ba.

Kwanciyar hankalin kuwa da tsada aka saye ta. A Disamba 1963 wani kyaftin, Hassan Diallo, ya yi tawaye a barikin Yamai, a daidai lokacin da rikici ya tashi da Dahome kan tsibirin Lete, aka kori dubban 'yan Dahome daga ƙasar, ciki har da malaman makaranta da ma'aikatan da ba a da madadinsu. Sannan Sawaba ta yanke shawarar ɗaukar makami. An horar da matasanta a Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa, Nkrumah ya ba su mazauni a Gana. A Satumba da Oktoba 1964 suka shigo ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin Najeriya da Dahome da yamma, suna zaton talakawa za su tashi su bi su. Gwamnati ta riga ta san da zuwansu. Aka ba 'yan bangar jam'iyya makamai, aka sa sarakuna su tayar da ƙauyuka da baka da kibiya, aka kama yawancinsu. An kashe ɗaya daga jagororinsu kusa da Birnin Ƙonni, an harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, ranar Babbar Salla, jama'a sun yi sahu a Yamai, Diori yana gaba, wani ɗan Sawaba mai suna Amadou Diop ya jefa gurneti. Bai sami shugaban ba. Yaro ƙarami ne ya mutu, wasu suka ji rauni. Bayan wannan aka yi kame na babu ji babu gani, ya haɗa da wanda ya ɗauki bindiga da wanda laifinsa kawai ɗan'uwansa ɗan Sawaba ne. An azabtar da mutane, wasu sun mutu a gidajen kaso na cikin hamada, da yawa sun tsere Kano da sauran garuruwan Arewa inda 'yan NEPU suka ɓoye su, ko da yake gwamnatin Sardauna ta fi karkata ga Diori. Jefa gurneti cikin masu sallar idi ta'asa ce, ba na neman mata uzuri. Amma wanda ya rufe akwatin zaɓe a 1959 yana da nasa kason a jinin 1964, kuma tun daga lokacin duk mai kukan haraji a ƙauyen Hausa ana iya kiran sa ɗan Sawaba a rufe masa baki.

A harkar waje ne za ka ga maganar abokanka ba ta cika ba. Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967, de Gaulle ya karkata ga Ojukwu, Houphouët da Bongo na Gabon suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa. Diori ya ƙi. Ya tsaya tare da gwamnatin tarayya ta Gowon, ya shiga kwamitin sulhu na ƙungiyar haɗin kan Afirka, a Yuli 1968 kuma ya karɓi baƙuncin tattaunawa a Yamai, har Ojukwu da kansa ya zo. Diori ya san kasuwar shanun Nijar da hanyar gyaɗarta da dangin rabin jama'arta duk a Najeriya suke, ya kuma san idan aka fara yanka ƙasa bisa ƙabila tasa ba za ta tsira ba. Wannan tsayawa ta ɓata masa da mutanen de Gaulle. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar. Ya jawo Kanada da Jamus ta Yamma da Amurka don kada ya dogara da hannu ɗaya. A Yamai aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci ranar 20 ga Maris 1970, kuma a can ma ya goyi bayan Kanada a wasu wurare da Paris ba ta so. Ya matsa kusa da Libiya ta Gaddafi, har suka ƙulla yarjejeniyar tsaro a farkon 1974. Ya yi suna a matsayin mai sasanta rigima da mai magana da yawun ƙasashe matalauta a gaban Turai. Mutuncin da kakanka yake faɗa daga nan ya samo asali. Illarsa ita ce shugaban ya fi sanin abin da ke gudana a Brussels da Paris fiye da abin da ke gudana a Dakwaro da Tanut, cikin gida ya bar wa Diamballa da 'yan jam'iyya.

Sai yuraniyom. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971. Hannun jarin Nijar a ciki bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, Faransa ke saye ita ke yanke farashi. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 1973, Faransa ta yanke shawarar dogara da lantarkin nukiliya, Diori ya ga dama ta samu. Ya ce a auna darajar yuraniyom da irin makamashin da yake bayarwa idan an kwatanta da mai, ya nemi haɗa baki da Gabon. A Maris 1974 tawagar Faransa ƙarƙashin Yves Guéna ta zo Yamai, ba a daidaita ba, aka ɗage zama zuwa Afrilu. Ranar 2 ga Afrilu shugaban Faransa Pompidou ya rasu.

A lokacin ƙasa ta riga ta durƙushe. Ruwa ya fara ƙaranci tun 1968, daminar 1972 da ta 1973 suka lalace. Makiyayan arewa, Buzaye da Fulani, suka rasa garkunansu, wasu ko akuya ba ta rage musu ba. Dubbai suka gangaro kudu, aka tara su a sansanin Lazaret a gefen Yamai, wasu suka tsallaka Najeriya suna bara. Manomin da aka tura ga gyaɗa ya sami rumbunsa babu gero. An kafa hukumar abinci ta OPVN tun 1970, taimakon hatsi kuma ya shigo daga waje, amma rabonsa ya bi ta hannun 'yan jam'iyya, aka riƙa ganin buhunan agaji a kasuwa ana sayarwa, wasu na ɓoyewa suna jiran farashi ya hau. A wurare da yawa ba a daina bin haraji ba. Ɗalibai da malamai suka yi ta yajin aiki daga 1971 zuwa 1973, suna ambaton gidajen haya da uwargidan shugaban ƙasa, Aïssa Diori, ta mallaka a unguwar manya ta Yamai. Farin ba laifin Diori ba ne, ya kuma yi ta roƙon duniya ta kawo ɗauki. Laifinsa shi ne ya san su wane ne ke cin abincin mayunwata, ya kasa taɓa su, don su ne suka riƙe masa ƙasa tun 1958. Majalisar da za ta tashi ta yi magana kuwa shi da su suka rubuta sunayen 'yan cikinta.

Sojoji su ne ake turawa kai hatsi ƙauyuka, sun ga komai da idonsu. Suna kuma da nasu ƙorafin, ana sa su aikin karɓar haraji, ana fifita 'yan bangar jam'iyya, ga yarjejeniyar Libiya da aka ƙulla ba da shawararsu ba. Daren 14 wayewar 15 ga Afrilu 1974 hafsan hafsoshi, Laftanar Kanar Seyni Kountché, ya karɓe mulki. An yi harbe-harbe a fada, aka kashe Aïssa Diori, aka kama shugaban da Boubou Hama da Diamballa. Akwai sojojin Faransa a Yamai a daren, akwai kuma yarjejeniyar tsaro, amma ba su motsa ba, alhali a Gabon a 1964 sojojin Faransa ne suka mayar da Léon M'ba kan kujerarsa bayan an kifar da shi. Wanda ake kira ɗan amshin shatansu, ranar da ya buƙace su ba su zo ba. Jama'a ma ba su fito ba, don jam'iyyar da ake cewa kowa ɗanta ne ta daɗe da zama kati kawai da ake saye don a zauna lafiya.

Kountché ya sallami sojojin Faransa cikin 'yan makonni, ya buɗe rumbunan hatsi, ya saki fursunonin siyasa. Ƙarin kuɗin yuraniyom da Diori ya yi ta nema a hannun Kountché ya faɗo, da shi ne kuma aka iya soke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, abin da gwamnatin da ke rayuwa a kan gyaɗa ba za ta taɓa iyawa ba. An tsare Diori a Damagaram har 1980, sannan aka yi masa ɗaurin talala a Yamai, daga baya ya tafi Maroko ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilu 1989. Djibo ya dawo gida a 1974, aka kulle shi a 1975, ya yi shekaru a tsare. Hana jam'iyyun adawa da aka fara a 1959 bai kau ba sai a guguwar da ta kai ga taron ƙasa na 1991. A zaɓen 1993 giwa da raƙumi suka sake bayyana a takardar ƙuri'a, PPN-RDA ta sami kujera biyu cikin 83, ɓangaren Sawaba na Djibo shi ma biyu, shugabancin ƙasa kuma ya tafi ga Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram.